Muhawara: Wayar talaka tana juya labaran talabijin a Rasha kuwa?

Habibu Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san Rasha. Abin da muka saba ji shi ne manyan gidajen talabijin ɗin ƙasar, wato Tasha ta Ɗaya da Rossiya 1 da NTV, ba sa faɗin komai sai abin da fadar Kremlin ta amince da shi. To ku duba wannan. Ranar 29 ga Mayun 2020 wani ƙaton tankin man dizal ya fashe a wata tashar lantarki a Norilsk, can ƙuryar arewa, tan kusan 21,000 ya malale har kogin Ambarnaya ya koma ja. Aka yi kwana biyu shiru. Da Putin ya tara jami'ai ta bidiyo ranar 3 ga Yuni, gwamnan yankin, Aleksandr Uss, ya ce shi ma sai da hotuna suka bazu a kafafen sada zumunta ya gane girman ɓarnar. Putin ya harzuƙa, ya tambayi shugaban kamfanin lantarkin ko yanzu a soshiyal midiya hukuma za ta riƙa jin labarin bala'i. Kuma talabijin ɗin gwamnati ne ya nuna wa duniya wannan faɗan. Daga baya kotu ta ci kamfanin Nornickel, mai tashar lantarkin, tarar rubul biliyan 146. Idan hoton da wani ya ɗauka da waya zai kai magana har teburin shugaban ƙasa da babban labaran talabijin na ƙarfe taran dare, ashe ba mun raina mutanen nan ba?

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam. Na gode Malam Habibu. Kullum ina faɗa muku a zauren nan, Turawan Yamma ne suke shafa wa mutumin nan baƙin fenti. Wane shugaba ne zai tsare attajiri a gaban kyamara saboda ƙorafin talaka?

Dokta Nura:
Abba, tsaya tukuna kafin ka fara kiɗa. Malam Habibu, duk abin da ka kawo haka ya faru, sai dai ka lura da wanda aka yi wa faɗan da wanda ya yi faɗan. Wanda aka wanke wa kai manajan kamfani ne da gwamna. Wanda ya fito fes a matsayin uban ƙasa mai jin kukan jama'a shi ne Putin. A can na yi karatun likita, kuma na sha ganin wannan salon: abu ya tashi a intanet, a bar shi ya yi zafi, in an ga laifin zai iya tsayawa a kan wani ɗan sanda ko magajin gari ko gwamna, sai talabijin ya ɗauka, shugaba ya tsawatar, a kori wani, a tafa. Rashawa suna da tsohuwar maganarsu a kan sarki nagari da miyagun hakimai, mu ma muna da tamu: ba a mugun sarki sai mugun bafade. Labarin da ya dace da wannan karin maganar shi ne yake tsallakawa daga waya zuwa talabijin. Wanda ya nuna sarkin da yatsa, ƙofa a rufe take.

Kuma abin ya daɗe. A Nuwamban 2009 wani manjo na 'yan sanda a Novorossiysk, Aleksei Dymovsky, ya sa kakinsa ya zauna gaban kyamara ya ɗora bidiyo a intanet yana kai wa Putin ƙarar cin hanci da ƙirƙirar laifuka a ofishinsu. Jaridu da talabijin suka ɗauka dole, saboda kowa ya riga ya gani. Shi dai an kore shi, har aka tsare shi na ɗan lokaci. A 2011 aka yi wa rundunar garambawul, aka sauya mata suna.

Malama Sadiya:
Dokta, na yarda da kai rabi. Inda nake ja da kai shi ne kamar kana mayar da komai wasan kwaikwayo wanda fadar ta tsara tun farko. Ba haka ba ne a kowane lokaci. Maganar Ivan Golunov nake koya wa ɗalibaina duk shekara. Ɗan jaridar Meduza ne, wata kafar labarai ta intanet mai zaman kanta, yana bincike a kan masu cin kasuwar jana'iza a Mosko. Ranar 6 ga Yunin 2019 'yan sanda suka kama shi suka ce dillalin ƙwaya ne, suka wallafa hotuna tara wai na ɗakin haɗa ƙwaya a gidansa. Abokansa da masu bibiya a intanet suka ce wannan ba gidansa ba ne. Aka matsa, 'yan sandan suka amsa cewa hoto ɗaya ne kacal aka ɗauka a gidan. Mutane suka yi layi a gaban hedikwatar 'yan sandan Mosko, kowa ya riƙe kwali shi kaɗai, in ya gama ya miƙa wa na baya, saboda a lokacin zanga-zangar mutum ɗaya ce ba ta buƙatar izini. Ranar 10 ga wata manyan jaridu uku, Kommersant da Vedomosti da RBK, suka fito da shafin farko iri ɗaya na goyon bayansa, abin da ba su taɓa yi ba. Har wasu fitattun masu gabatar da shiri a gidajen gwamnati suka sa baki. Washegari ministan cikin gida, Kolokoltsev, ya fito da kansa ya ce an janye tuhumar. Aka sallami janar biyu, a 2021 kuma aka ɗaure tsofaffin 'yan sanda biyar da suka dasa masa ƙwayar.

Wannan ba shiri ba ne, an tilasta musu ne. Amma ku lura da yadda aka yi: hayaniyar intanet ita kaɗai ba ta isa ba, sai da 'yan jarida masu ofis da edita da lauya suka haɗa kai suka ɗauki maganar.

Dokta Nura:
Malama, ƙarasa labarin mana. Ranar 12 ga Yuni, kwana ɗaya da sakinsa, mutane suka fito tattaki suna cewa ba shi kaɗai ake dasa wa ƙwaya ba, a gyara dokar. Aka kama fiye da 500. An ba da mutum ɗaya, an riƙe tsarin.

Malama Sadiya:
Mutum ɗayan nan dai yana gidansa maimakon kurkuku. Ka tambayi uwarsa ko ƙaramin abu ne.

Alhaji Garba Mai Rediyo:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni na zamanin sashen Hausa na Rediyo Mosko ne, muna kama shi a gajeren zango, mu juya mu ji London, sai mu raba gaskiya a tsakani. Abin da ban gane ba, su waɗannan masu ɗaukar hoto da waya, wa yake tace abin da suka kawo? A gidan rediyo in ka yi ƙarya akwai wanda za a kama.

Malama Sadiya:
Allah ya ƙara girma Baba, ka taɓo inda yake ciwo. Ranar 25 ga Maris 2018 gobara ta tashi a wani babban kanti a Kemerovo, cikin Saiberiya. Mutum 60 suka mutu, 37 yara ne, wasunsu a ɗakin kallon fim suka maƙale. A sa'o'in farko manyan tashoshin Mosko suka ci gaba da shirye-shiryensu na Lahadi kamar ba abin da ya faru, mutane a VKontakte (shafin sada zumunta na Rasha) da YouTube da Telegram suke bin labarin. Fushin da aka yi a intanet ya taimaka wajen sa a ayyana makoki na ƙasa, gwamna Aman Tuleyev kuma, wanda ya shekara ashirin da wani abu a kujera, ya ajiye aiki ranar 1 ga Afrilu. To amma a cikin wannan rububin ne jita-jita ta bazu cewa gawawwaki 300 ne ake ɓoyewa. Daga baya aka gano wani mai wasan yaudara ta waya daga Yukiren ne ya riƙa buga wa asibitoci da ɗakunan ajiye gawa yana yaɗa adadin. Iyayen da ke cikin tashin hankali suka yarda, saboda sun saba hukuma na yi musu ƙarya. Shekara ɗaya bayan nan, a Maris 2019, aka kafa dokar hukunta labaran ƙarya, kuma Kemerovo ce hujjar da 'yan majalisar Duma suka fi jawowa.

Alhaji Garba Mai Rediyo:
Innalillahi. Yara 37. Allah ya tsare mana zuri'a.

Habibu Tudun Wada:
Amin Baba. Dokta, akwai abin da nake gani a rahotannin kamfanonin dillancin labarai, ko na Yamma ma, sai su ce "tashar Telegram ta Baza ta ruwaito" ko Mash ko Shot. Su waɗannan jaridun 'yan ƙasa ne ko me?

Dokta Nura:
Ko kusa, Malam. Kamfanoni ne masu ma'aikata da albashi. Sana'arsu sayen bidiyo: haɗarin mota, gobara, faɗan makwabta, wani tauraro ya bugu. Wanda ya ɗauka ya tura musu, su biya shi. Sauran kayan kuma daga aljihun 'yan sanda da ma'aikatan motar asibiti da masu gadi suke fitowa. Salon ya samo asali daga LifeNews ta Aram Gabrelyanov, wadda ta yi manhaja musamman don mutane su riƙa turo bidiyo a biya su, kuma wanda ya kafa Mash a 2017 daga can ya fito. Ita ma Rossiya 24 ta gwamnati ta yi shirin da ba komai a cikinsa sai bidiyon masu kallo. Ƙasa ce da kusan kowane direba ya maƙala kyamara a gilashin mota don tsoron 'yan damfarar inshora da 'yan sandan hanya, shi ya sa da dutsen nan ya faɗo daga sama a Chelyabinsk a Fabrairun 2013 duniya ta gan shi ta kowace kusurwa kafin wani ɗan jarida ya sa takalmi. Irin wannan talabijin na so ƙwarai, kaya ne mai arha kuma ba siyasa.

In kana son ka san inda Mash ta dosa, duba Janairun 2021. Ranar 19 ga wata mutanen ɗan adawa Aleksei Navalny suka saki dogon bidiyo a YouTube a kan wani katafaren gida kusa da Gelendzhik a bakin Baƙin Teku, suka ce na Putin ne. Kafin wata ya ƙare an kalle shi fiye da sau miliyan 100. A 2017 da suka yi irinsa a kan Medvedev, firaministan lokacin, manyan tashoshi sun yi gum, har zanga-zangar da ta biyo baya suka kau da kai. Wannan karon abin ya fi ƙarfin shiru. Ranar 25 ga wata Putin ya ce wa wasu ɗalibai gidan ba nasa ba ne, ba na danginsa ba ne. Sai ga Mash an buɗe mata ƙofa ta shiga ta nuno siminti da buhuna, wai ai gini ne ba a gama ba. Sai ga attajiri Arkady Rotenberg, abokin wasan judon Putin tun ƙuruciya, ya ce wa ita Mash ɗin gidan nasa ne, otal zai yi. Daga nan talabijin ya ɗauka. Wato an bi ta Telegram aka wanke maganar kafin a kai ta labaran dare, don ta yi kama da abin da 'yan intanet suka tono da kansu.

Malama Sadiya:
Ka ga kuwa ka ba ni hujja da bakinka. Shugaban da a lokacin ko sunan Navalny ba ya furtawa, bidiyon YouTube ya sa shi ya fito yana rantse-rantse a kan gida.

Abba Fagge:
Ku dai kuna ta kawo laifin Rasha. Su masu koya mana 'yancin magana fa? A Maris 2022 Tarayyar Turai ta haramta RT da Sputnik, kafafen labaran gwamnatin Rasha, YouTube ta rufe tashoshinsu. Durov mai Telegram ɗin da kuke magana, a Faransa aka kama shi a 2024, ba a Mosko ba. Wannan ba ku gani?

Malama Sadiya:
Mun gani, ƙanena, kuma ni ban goyi bayan rufe RT ba, gara a bar mutane su ji su yi hukunci. Amma ka haɗa lissafin duka. Shi Durov ɗin a 2014 aka raba shi da VKontakte da ya kafa, ya bar Rasha yana cewa ya ƙi miƙa bayanan masu zanga-zangar Yukiren. Ranar 4 ga Maris 2022 aka sa hannu a dokar da za ta iya ɗaure mutum shekara 15 kan abin da hukuma ta kira ƙarya game da soja. A watan nan aka toshe Facebook da Twitter da Instagram, kotu ta ayyana Meta, kamfanin Facebook, a matsayin ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi, rediyon Ekho Moskvy ya rufe, tashar Dozhd da jaridar Novaya Gazeta suka dakatar da aiki. Akwai mutanen da ke kurkuku yau saboda rubutu ɗaya a shafinsu. Mai kallon RT a Jamus ba a ɗaure shi.

Abba Fagge:
Ƙasa tana yaƙi Anti. Kowa ma haka zai yi.

Isufu Damagaram:
Ina gaida kowa. Ni abin da ya kawo ni, akwai wata tashar Telegram mai suna Rybar da nake ganin ana turo taswirorinta a kan Mali da Burkina da nan Nijar. Matasanmu na yaɗawa sosai. Ta gwamnatin Rasha ce ko ta wani mutum?

Dokta Nura:
Malam Isufu, ka kawo mu babi mafi ban mamaki. Wanda ya kafa Rybar, Mikhail Zvinchuk, tsohon ma'aikacin sashen yaɗa labarai na ma'aikatar tsaron Rasha ne, mabiyansa sun haura miliyan. Yana cikin masu rubutu kan yaƙi da suka yi tashe bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, irin su Semyon Pegov mai WarGonzo da Aleksandr Kots na jaridar Komsomolskaya Pravda. Da aka kori masu adawa da yaƙi daga fili, su ne suka rage masu iya cewa wani abu ya lalace, saboda ba wanda zai ce musu maciya amana. Son yaƙin suke, ƙorafinsu shi ne ba a yin sa da kyau.

Kuma sun sha tilasta wa ma'aikatar tsaro ta buɗe baki. A Satumban 2022 da sojojin Rasha suka watse a yankin Kharkiv, su suka fara faɗa ƙarara, ma'aikatar tana cewa sake tsara runduna ake yi, har aka wayi gari baƙin da ake gayyata shirye-shiryen muhawara a talabijin suna maimaita tambayoyin Telegram. A daren shiga 2023 aka harba rokoki kan wata makarantar koyon sana'a a Makiivka inda aka jibge sababbin sojoji. Tashoshin nan suka yi ca, suna cewa an tara mutane wuri ɗaya kusa da harsasai. Ma'aikatar da ba ta saba faɗin asara ba ta ce 63 suka mutu, kwana biyu ta ce 89, ta ɗora laifin kan sojojin wai sun kunna wayoyinsu. A Yunin 2023 Putin ya zaunar da su a Kremlin suka yi doguwar hira, aka nuna a talabijin. Kwana goma bayan nan Prigozhin, shugaban sojojin haya na Wagner, ya yi tawayensa, kuma da saƙonnin murya a Telegram ya yi shi. Mutanen Rostov suna ɗora hoton tankokin Wagner a titinsu, talabijin yana lalube har sai da Putin ya yi jawabi da safe.

Iyakarsu kuwa ita ce wadda na faɗa tun farko. Zagi janar, zagi minista, ana iya ƙyale ka. Igor Girkin, tsohon kwamandan 'yan aware a gabashin Yukiren, ya wuce nan ya taɓa Putin da kansa, aka kama shi a Yulin 2023, aka ba shi shekara huɗu. Andrei Morozov, shi ma mai rubutu kan yaƙi, ya rubuta cewa an rasa sojoji dubu 16 wajen kama garin Avdiivka na Yukiren, aka matsa masa ya goge, a Fabrairun 2024 ya kashe kansa. Don haka taswirar da Rybar ta zana a kan Tillaberi, ka karanta ta a matsayin ta mutumin da ya san inda aka ja masa layi.

Isufu Damagaram:
Na gode Likita. Zan faɗa wa yaran, ko da yake ba lalle su ji ba.

Habibu Tudun Wada:
To ni yanzu ina tsakiya. Mu a ɗakin labarai abin da muke kira tasiri shi ne ka sa edita ya sauya jerin labaransa. A wannan ma'aunin kun nuna mini intanet tana yi a Rasha. Amma Dokta na cewa gwamnatin ce ke cin riba.

Dokta Nura:
Har ofis ta buɗe don cin ribar. Akwai wata hukuma, Dialog, da cibiyoyi a kowane yanki waɗanda aikinsu shi ne su bi shafukan mutane su tsinto ƙorafi, ramin titi, bola, ruwan zafi da aka ɗauke a hunturu, su tura wa ofishin da abin ya shafa a ba da amsa cikin sa'o'i. Tun Disambar 2022 doka ta wajabta wa ma'aikatu da makarantu su buɗe shafi a VKontakte da Odnoklassniki. Gwamnatin da ta kashe jaridun da za su gaya mata gaskiya tana buƙatar wata hanyar jin abin da ke tafasa a ƙasa, kuma ta samu.

Malama Sadiya:
In riba ce zalla, me ya sa suke ta ƙara ɗaure ta? A 2014 sun ce duk mai shafin da mutum 3,000 ke leƙawa a rana ya yi rajista, dokar ta gagara aiki suka soke ta a 2017. A Afrilun 2018 suka ce sun toshe Telegram, suka rufe miliyoyin adireshin Amazon da Google, shaguna da bankuna suka sha wahala, Telegram na nan tana aiki, jami'ansu ma ba su daina amfani da ita ba, a Yunin 2020 suka haƙura. A 2024 suka dawo da rajista ga mai mabiya fiye da 10,000, suka shaƙe YouTube har ya zama da ƙyar yake buɗewa. Mai jin daɗin abu ba ya yi masa haka. Alƙaluman cibiyar Levada mai jin ra'ayin jama'a sun nuna dalili: wajen 2013 kusan mutum tara cikin goma daga talabijin suke samun labari, yanzu abin ya sauko wajen shida cikin goma, kuma mafi yawansu dattawa ne. Sannan akwai aikin da ba zai taɓa shiga labaran ƙarfe tara ba amma yana nan: kafar labarai ta Mediazona da sashen Rashanci na BBC, tare da 'yan sa-kai, suna tattara sunayen sojojin da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, daga ta'aziyyar da dangi ke rubutawa a VKontakte da hotunan sababbin kaburbura da mutane ke ɗauka a maƙabartun ƙauyuka. Ma'aikatar tsaro tun Satumban 2022 ba ta sake faɗin jimillar mamatanta ba.

Abba Fagge:
BBC kuma. Shi ke nan ai.

Alhaji Garba Mai Rediyo:
Abba, a yi haƙuri a bar manya su ƙarasa. Likita, jikana yana karatu a can, kwanan baya kiran WhatsApp ya daina shiga, sai saƙon rubutu. Yana da nasaba da wannan zancen?

Dokta Nura:
Yana da ita, Baba. A Agustan 2025 hukumar Roskomnadzor mai sa ido kan sadarwa ta taƙaita kiran murya a WhatsApp da Telegram, ta ce don maganin 'yan damfara ne. A lokaci guda ana tura mutane zuwa wata manhaja ta gida mai suna Max, ta kamfanin VK, wadda aka wajabta a saka ta a duk sabuwar wayar da za a sayar daga Satumban shekarar. Ga kuma ɗauke intanet ɗin waya da ake yi a garuruwa da dama da sunan kare kai daga jirage marasa matuƙa. Ka ce masa ya riƙa kiranka ta layin waya kai tsaye in abin gaggawa ne, kuma don Allah ya kiyaye abin da yake rubutawa ko yake turawa a kan yaƙin, dokar ba ta ware baƙo ba.